Wane ne ya fara yin askirim: mutanen Sin, Larabawa ko Italiyawa?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu ilimi. Tambaya ce nake tafe da ita, wadda wataƙila wasu za su ga ba ta kai ta kawo ba, amma ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ɗiyata ce aka ba su aiki a makaranta, aka ce kowa ya zaɓi abinci guda ɗaya ya rubuta tarihinsa, ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta zaɓi askirim. Muka zauna tare muna bincike a intanet, sai muka tarar da maganganu har guda huɗu waɗanda ko kaɗan ba su jitu da juna ba. Wani ya ce Marco Polo ne ya gano shi a ƙasar Sin ya kawo wa mutanen Italiya. Wani ya ce Sarki Nero na Rum ne ya fara shan sa, yana aika bayi kan duwatsu su ɗebo masa dusar ƙanƙara. Wani kuma ya ce wata gimbiyar Italiya ce, Catherine de Medici, ta tafi da masu dafa mata abinci Faransa lokacin da aka kai ta gidan miji, su ne suka koya wa Faransawa. Na huɗu ya ce duk ba haka ba ne, mutanen Farisa ne suka riga kowa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ma ba sunan wanda ya fara ba ne. Yarinyar ce ta tambaye ni, ta ce, "Umma, da babu firiza, da me suke daskarar da madarar?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya warware mana, saboda ba na son ta kai wa malaminta tatsuniya da sunan tarihi.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, domin tambayar da ta yi miki ita ce mabuɗin al'amarin gaba ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda suka rubuta abin da kuka karanta ba su tsaya sun yi wa kansu ita ba.

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Sanyaya abin sha daban, daskarar da shi daban. Na farkon tsohon abu ne ƙwarai, kuma al'ummomi da yawa sun yi shi ba tare da wata ta koya daga wata ba. Akwai rubutu a kan allon yumɓu da ke nuna cewa Zimri-Lim, sarkin Mari da ke gaɓar kogin Furat a ƙasar Siriya ta yau, ya gina ɗakin ajiye ƙanƙara a garin Terqa wajen shekara ta 1780 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙasar Sin tun zamanin daular Zhou akwai ma'aikatan fada waɗanda ba su da wani aiki sai saro ƙanƙara lokacin hunturu da adana ta a ramuka har zuwa lokacin zafi. Su kuwa mutanen Farisa dabararsu ta fi ba ni sha'awa, domin su a cikin hamada suke yin ƙanƙarar da kansu. Sukan gina doguwar katanga da za ta kare wasu faffaɗan kududdufai marasa zurfi daga rana, su sako ruwa a cikinsu da dare lokacin sanyi, kafin gari ya waye ruwan ya daskare, sai a farfasa a zuba cikin wani rami mai zurfi da aka rufe da ƙatuwar ƙubba ta tubalin ƙasa. Sunan ginin yakhchal, kuma har yau akwai ragowarsu a tsaye a yankunan Yazd da Kerman.

Maganar Nero, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa ta 68, tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an yi mata gishiri. Abin da marubucin Rum ɗin nan Pliny ya faɗa shi ne, Nero ya ƙirƙiro a tafasa ruwa, a zuba shi cikin tulun gilashi, a cusa tulun cikin dusar ƙanƙara har ya yi sanyi. Ruwan sanyi ke nan, ba askirim ba. Haka nan a tarihin Musulunci, Ɗabari ya kawo cewa a hajjin shekara ta 160 bayan Hijira an kai wa Halifa Mahdi na Abbasiyawa ƙanƙara har Makka, kuma shi ne halifan farko da aka yi wa haka. Ƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ya yi bayanin yadda ake ɗauko dusar ƙanƙara daga duwatsun ƙasar Sham zuwa fadar sarakunan Mamluk a Alƙahira, wani kason ta jiragen ruwa, wani kuma a kan raƙuma da ake sauyawa zango-zango. Duk wannan wahala da kashe dukiya, abin da ake samu a ƙarshe shi ne abin sha mai sanyi, ko kuma dusar ƙanƙara da aka kwarara wa zuma ko ruwan 'ya'yan itace.

Sai mu zo kan Marco Polo. Ya koma Venis a 1295, kuma a cikin littafin tafiye-tafiyensa babu inda ya ambaci askirim. Ya yi maganar madarar godiya da Mongol suke sha, ya yi maganar busasshiyar madara da suke tafiya da ita yaƙi, amma daskararriyar madara mai zaƙi babu ita. Ƙari a kan haka, da a ce shi ya kawo, ai da ba a yi kusan shekara ɗari huɗu ba kafin a ga yadda ake haɗa shi a littattafan girkin Italiya. Ita ma Catherine de Medici, tana da shekara 14 aka ɗaura mata aure da ɗan sarkin Faransa a 1533, kuma babu wata takarda ta zamaninta da ta nuna ta zo da masu yin askirim. A lokacin ma Turawa ba su iya daskarar da abinci ba tukuna. Akwai kuma wani labarin da ba ki ambata ba, na Sarki Charles na Ɗaya na Ingila, wai ya yanka wa mai dafa masa abinci albashi na har abada don kada ya tona asirin askirim. Shi ma babu hujja. Irin waɗannan labarai sun bazu ne a ƙarni na 19 da na 20, kuma masu sayar da kayan sun ji daɗinsu, tunda haja ta fi shiga idan aka jingina ta ga sarki ko gimbiya.

Amsar tambayar ɗiyarki kuwa kalma ɗaya ce: gishiri. Amma bayanin yadda gishirin yake aiki ba fannina ba ne, zan bar wa waɗanda suka karanci kimiyya.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

Baba ya miƙo mini magana, bari in karɓa. 'Yar'uwa, kafin ki karanta bayanina, ki riƙe wannan a ranki: idan kika cika kwano da ƙanƙara zalla, kika dasa gwangwanin madara mai sukari a tsakiya, ko kwana za ki yi kina jira madarar ba za ta daskare ba. Za ta yi sanyi har haƙori ya ji, amma za ta ci gaba da zama ruwa.

Dalili shi ne, ƙanƙarar da take narkewa tana tsayawa ne a kan digiri sifili na ma'aunin Salsiyos, ba ta sauka ƙasa da haka. Madarar da aka zuba wa sukari kuwa ba ta fara daskarewa sai ta kai wajen digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili, saboda duk abin da ya narke cikin ruwa yana saukar da matakin da ruwan yake daskarewa. Ke nan ƙanƙara zalla ta gaza da ɗan taƙi kaɗan, kuma wannan ɗan taƙin shi ne ya tsare mutane shekaru dubbai. To ita wannan ƙa'idar da ta hana madara daskarewa, ita ce kuma maganin matsalar idan aka juya ta. In aka barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara, gishirin zai tilasta mata narkewa alhali tana ƙasa da sifili. Narkewa kuwa ba kyauta take faruwa ba, sai ƙanƙara ta zuƙi zafi daga abin da yake kusa da ita, kuma zafin ba kaɗan ba ne: wanda ake buƙata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri sifili zuwa kusan 80. Daga ina za ta zuƙo shi? Daga jikin ruwan gishirin da kuma gwangwanin madarar da ke tsakiya. Da gishirin girki na yau da kullum ana iya saukar da haɗin har wajen digiri 21 ƙasa da sifili, wanda ya kai sanyin firizar gida, har ya ɗan zarce.

Na taɓa gwada wa ɗalibaina wannan a aji. Muka ajiye roba biyu, kowace da farfasasshiyar ƙanƙara da ƙaramin gwangwani mai madara da sukari, ɗaya muka zuba mata gishiri cikin tafi uku, ɗaya muka bar ta haka. Cikin 'yan mintoci bayan robar mai gishiri ya yi fari fat da raɓar da ta daskare, wani yaro ya ɗora yatsa ya janye da sauri yana cewa ta ƙone shi. Da muka buɗe gwangwanin, madarar ta kama a jikin bango kamar an shafa farar ƙasa, tsakiyar kuma tana nan ruwa. Ɗayar robar kuwa ko alama.

Wannan kamawa a bango ita ce ta kawo mu ga sirri na biyu, wato juyawa. Idan aka bar madarar ta daskare a zaune, ƙwayoyin ƙanƙarar da ke cikinta za su girma su zama manya, abin ya fito da tauri yana gurzar harshe kamar yashi. Amma idan ana kankare bangon ana burgawa ba tsayawa, ƙwayoyin za su kasance ƙanana ƙwarai yadda harshe ba zai ji su ba, sannan iska za ta riƙa shiga tana zama ƙananan kumfa waɗanda maiƙon madarar yake riƙewa. A wasu nau'o'in da masana'antu suke yi, kusan rabin abin da ke cikin robar iska ce. Shi kuma sukari, bayan zaƙi, yana hana wani kaso na ruwan daskarewa ko da a cikin firiza, shi ya sa cokali yake iya shiga. Wannan ne ma dalilin da ya sa askirim ɗin da ya narke aka mayar da shi firiza ba ya komawa yadda yake, iskar ta fita, ƙwayoyin kuma sun sake haɗuwa manya-manya.

Saboda haka duk wanda zai ce ga wanda ya fara yin askirim, sai ya nuna mana cewa mutumin ya san haɗa ƙanƙara da gishiri. In bai sani ba, abin da ya yi sunansa abin sha mai sanyi.

Ɗan Kasuwa Mai Karatu ya rubuta:

Malam da Malama, na ƙaru da ku ƙwarai, amma ina da ja a wuri ɗaya, kuma ina neman afuwa idan na yi wa manya katsalandan. Ina tsoron kada ma'aunin da kuka kafa ya sa a ɗauke tarihin gaba ɗaya a miƙa wa Turawa, alhali ita kanta dabarar gishirin ba daga wurinsu ta fara ba. Ibn Abi Usaibi'a, likitan nan na ƙasar Sham da ya rubuta tarihin likitoci a ƙarni na 13, ya ambaci yadda ake sanyaya ruwa da gishirin albarushi, wato farin sinadarin nan da ake haɗa albarushi da shi. Wannan ya riga bayanin da wani likita ɗan Sifen mazaunin birnin Rum, Blas Villafranca, ya wallafa a 1550 da kusan shekara ɗari uku. A Indiya kuma Abul Fazl, wazirin Sarki Akbar, ya bayyana yadda ake sanyaya wa sarki ruwa da wannan gishiri, da yadda ake kawo ƙanƙara daga duwatsun arewa lokacin da fadar take Lahore. A zamanin daular Mughal ɗin ne kulfi ya samu, madara ce da ake dafawa har ta ƙone ta yi kauri, a ɗura cikin ƙananan mazubai na ƙarfe, a liƙe bakinsu, a nutsa su cikin tukunyar ƙanƙara da gishiri. Ba a burga shi, shi ya sa yake da tauri da nauyi, amma ai daskararriyar madara ce mai zaƙi, wa zai ce ba ɗan gidan ba ne?

Ko sunan ma ya isa shaida. Kalmar da Italiyawa suke kiran daskararren ruwan 'ya'yan itace da ita, sorbetto, daga sharbat ta Turkawa da Farisawa ta fito, ita kuma tushenta kalmar Larabci ce mai ma'anar sha. Mutum ba ya aron sunan abin da shi ya ƙirƙira.

Sannan ban yarda a sallami ƙasar Sin haka kawai don labarin Marco Polo ya faɗi ba. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, manyan fada suna cin wani abu da ake kira sushan, wato dutsen man shanu. Ana narkar da maiƙon madara, a riƙa ɗiga shi a kan faranti har ya taru kamar tsauni, a kai shi ɗakin ƙanƙara ya sandare, a yi masa ado da furanni. Farisa tana da faluda, siraran zaren sitaci cikin daskararren ruwan wardi, wanda birnin Shiraz ya yi suna da shi. Dimashƙa tana da buza, wanda ake kirɓawa da taɓarya a maimakon burgawa, Turkiyya kuma tana da dondurma na garin Marash mai danƙo har sai an sa wuƙa. Waɗannan duk ba kwaikwayon Italiya ba ne.

Tsohon Malamin Tarihi ya sake rubutawa:

Ɗana, babu katsalandan a cikin ilimi, kuma mafi yawan abin da ka faɗa na karɓa hannu biyu. Gyara ɗaya kawai zan yi. Narkar da gishirin albarushi cikin ruwa, kamar yadda Abul Fazl da Villafranca suka bayyana, yana sanyaya tulun da aka nutsa a ciki ne, bai cika kaiwa ga daskarar da shi ba. Tsallen da aka yi shi ne haɗa gishirin da dusar ƙanƙara, kuma ɗaya daga cikin bayanan farko da suka fito fili a Turai shi ne na masanin birnin Napoli, Giambattista della Porta, a bugun littafinsa na 1589, inda ya nuna yadda ake daskarar da abin sha a cikin kwalba ta wannan hanya. Sushan kuma maiƙo ne da sanyi ya sandarar, kamar yadda kitse yake sandarewa, don haka ɗan'uwa ne na nesa. Kulfi dai na ba ka shi, ba ni da ja.

Abin da ya sa ake yawan ambaton Italiya shi ne, a can ne abubuwan da ake buƙata suka haɗu wuri ɗaya: dusar ƙanƙara a duwatsun da ke kusa da Napoli da kuma dutsen Etna na Sisili, ga sukari, ga lemo, ga attajiran da ke son burge baƙi. Antonio Latini, wanda yake kula da gidan wani babban jami'in mulkin Sifen a Napoli, ya wallafa littafin girki juzu'i biyu a 1692 da 1694, a ciki akwai sorbetto na lemon tsami da na cakulan, har da wanda ake yi da dafaffiyar madara, wanda masana da dama suke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin askirim na farko da aka buga yadda ake yin sa. A birnin Paris wani ɗan Sisili, Francesco Procopio, ya buɗe gidan shan gahawa na Procope a 1686, inda ake sayar da irin waɗannan kayan sanyi ga duk mai kuɗin saya. A Ingila kuwa, a wata liyafa da aka yi a fadar Windsor a 1671, an rubuta cewa an ajiye faranti ɗaya na askirim, kuma a teburin Sarki Charles na Biyu kaɗai, sauran manyan baƙi sai kallo. Littafin Ingilishi na farko da ya buga yadda ake haɗa shi shi ne na Mary Eales a 1718, kuma a nata bayanin ba a burgawa, ana dasa gwangwanayen ne kawai cikin ƙanƙara da gishiri a rufe da ciyawa. Faransawa ne daga baya suka yawaita sa gwaiduwar ƙwai, wadda ta ba shi laushin da aka san shi da shi.

Injiniyan Sanyi ya rubuta:

Tunda manya sun kai mu fadar sarakuna, ni kuma bari in sauko da shi kan titi, domin a ganina rabin tarihin yana nan, kuma shi ne rabin da ake yawan tsallakewa.

Har ƙarshen ƙarni na 18 askirim abincin masu hali ne. A Amurka an rubuta cewa Gwamna Thomas Bladen na Maryland ya ba baƙinsa shi a 1744, kuma har yau akwai takardar da Thomas Jefferson ya rubuta da hannunsa ta yadda ake haɗa mai banila. Abin da ya karya farashinsa shi ne cinikin ƙanƙara. Wani mutumin Boston, Frederic Tudor, ya loda ƙanƙarar tafki a jirgin ruwa ya nufi tsibirin Martinique da ita a 1806, mutane suna yi masa dariya, kuma da farko dariyar ta yi daidai, domin ya tafka asara har bashi ya kai shi kurkuku daga baya. Bai daddara ba. Ya gano cewa garin katako, wanda masu yankan katako suke zubarwa, yana hana ƙanƙara narkewa, kuma a 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya, tafiyar wata huɗu da ƙetare layin tsakiyar duniya sau biyu, aka sauke kusan tan 100. A Landan kuma Carlo Gatti, ɗan Suwizalan mai jin Italiyanci, ya riƙa shigo da ƙanƙara daga Nowe yana adana ta a manyan rijiyoyi kusa da King's Cross, waɗanda har yanzu ana zuwa kallonsu.

Sai na'ura. A 1843 wata mata a Filadelfiya, Nancy Johnson, ta sami takardar mallakar ƙirƙira a kan wani bokiti mai gwangwani a tsakiya, da maburgi a cikin gwangwanin, da mariƙi a waje da ake juyawa da hannu. Abin da Malama ta bayyana na kankare bango da shigar da iska, wannan na'ura tana yin su lokaci ɗaya, kuma ko yaro zai iya juya ta. Bayan shekara takwas, a 1851, wani dillalin madara na Baltimore, Jacob Fussell, da ya ga maiƙon madara yana yi masa kwantai, ya kafa masana'anta a Seven Valleys ta jihar Pennsylvania ya fara yin sa da yawa yana sayarwa da araha. Injin sanyi mai aiki da iskar amoniya, wanda Bajamushe Carl von Linde ya inganta a shekarun 1870, shi ya raba sana'ar da jiran hunturu, sannan a 1926 Clarence Vogt ya fito da injin da haɗin yake shiga ta gefe ɗaya yana fita daskararre ta ɗayan ba tsayawa.

Labarin mazurarin biskit ɗin da ake zuba shi a ciki ma yana da nasa rikicin. An fi cewa a baje kolin duniya na St. Louis a 1904 aka ƙirƙiro shi, kuma mutane da yawa sun yi iƙirarin su ne. Gaskiya a can ya yi farin jini, amma wata Baturiyar Ingila mai koyar da girki, Agnes Marshall, ta riga ta buga yadda ake yin sa tun 1888, kuma Italo Marchiony ya sami takardar mallaka a New York a 1903 a kan abin gasa ƙoƙon da ake cinyewa. Abin da ya sa aka buƙace shi ba ado ba ne. Kafin nan masu talla a titunan Landan suna zuba askirim ɗin kwabo ɗaya ne a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai kaurin gindi, mai saye ya lashe tas ya mayar, a ɗauraye sama-sama a cikin ruwan da ya yini a bokiti, a zuba wa na gaba. Tsoron yaɗuwar tarin fuka da kwalara ne ya sa aka hana wannan kofi daga baya.

Ina so kuma yarinyar ta sa sunaye biyu da ba a cika ambata ba. Alfred Cralle, baƙar fata mazaunin Pittsburgh, shi ya sami takardar mallaka a 1897 a kan ludayin ɗibar askirim da ake sarrafawa da hannu ɗaya. Shi kuma Edmond Albius yaro ne bawa mai shekara 12 a tsibirin Reunion, wanda a 1841 ya gano yadda ake barbarar furen banila da hannu ta amfani da ɗan siririn tsinke. Kafin shi, da wuya itacen ya yi 'ya'ya a wajen ƙasarsa ta asali, Meziko, kuma har yau da dabararsa ake noman banila a Madagaska. Haka shi ma sukarin da ya yi arha har talakan Turai ya ɗanɗani askirim, kaso mai yawa daga cikinsa a wancan zamani gumin bayin da aka kwasa daga Afirka zuwa gonakin rake na Karibiyan da Barazil ne.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya ƙara ilimi. Mun goge Marco Polo da gimbiyar daga takardar, ko da yake yarinyar ta so a bar gimbiyar, har sai da na ce mata ta rubuta ta a ƙarƙashin labaran da ba su tabbata ba, sannan ta haƙura.

Malama, jiya da yamma mun gwada abin da kika faɗa. Karon farko na yi rowar gishiri, muka yi ta juya gwangwani har hannu ya gaji, madara tana nan yadda take. Da na ƙara cikin tafi biyu, ba a jima ba cokali ya fara karo da bango, yarinyar ta yi ta tsalle tana kiran ƙaninta. Sai dai wajen buɗe murfin ruwan gishirin ya ɗan ɗiga ciki, don haka abin da muka sha ya fi kusa da miya. Yau za mu sake, kuma na tanadi leda da zan naɗe bakin gwangwanin da ita. Tambayar da ta rage mini ita ce, gishiri mai gari ya fi dacewa da wannan aiki ko mai manyan ƙwayoyi?